Ƙusar Alhaji Shu'aibu a Rumfar Masu Kifi

Tun ranar da aka karya darajar kuɗin sefa, garin Garwa bai ƙara ganin zalunci irin wanda aka yi wa Alhaji Shu'aibu Mai Ƙusa ba. Shi da kansa ya faɗa, kuma shi ba ya ƙara gishiri sai in miyar ce ta nema. Kwalara ta zo ta wuce, ya jure. Kogin Binuwai ya cika ya ci gonaki, ya jure. An yi shekarar da wutar lantarki ta koma kamar watan sallah, sai an yi dako a gan ta, nan ma ya jure. Amma a ce 'yar da ka haifa, ka raɗa mata sunan mahaifiyarka, ka ciyar da ita da cinikin ƙusa, ka tufatar da ita da cinikin ƙusa, ka kai ta makaranta da cinikin ƙusa, ita ce za ta shigo maka tsakar gida da ginin da babu ƙusa ko ɗaya a jikinsa? Wannan ko Fir'auna bai yi wa Bani Isra'ila ba.

Ga yadda abin ya faro. Hindu, autar Alhaji, tana ajin farko a makarantar koyon zane da tsara gine-gine. Al'adar makarantar ce in shekara ta zo ƙarshe a raba 'yan ajin farko rukuni-rukuni, a ce su ajiye fensir su ɗauki zarto, su gina abin da suka zana da hannunsu. Rukunin Hindu su biyar ne, abin da ya faɗo musu kuwa rumfa ce ta mata masu sayar da kifi a bakin kogi. Malamarsu, Madam Geneviève, ta kafa sharaɗi guda: tun da kogi yana hawa da damina, matan kuma suna ja da baya da kayansu, dole rumfar ta zama wadda za a kwance, a ɗauka a ka, a sake tayarwa a wani wuri. Ranar jarrabawa za su kawo ta bakin kogi a kwance, su haɗa ta a gaban malamai da matan. Maki ɗaya ne ga su biyar ɗin. In ta tsaya su wuce tare, in ta ƙi su maimaita aji tare.

Alhaji ne ya ce a yi aikin a gidansa.

"Filin makaranta? Inda kowa ke wucewa yana zuba ido? Uwata," haka yake kiran Hindu saboda sunan, "ba ki san kambun baka ba ne? A kawo nan, a rufe ƙofa. Ga inuwar dogonyaro, ga kuma injiniya kyauta."

"Wane injiniyan, Alhaji?" in ji matarsa Kaltumi, tana tsintar shinkafa.

Ya kau da kai. Akwai tambayar da amsa ta rage wa mutum girma ne.

Haka kuwa aka yi. Gidan da ko ƙanen Alhaji ba ya wuce zaure, sai ga samari suna shige da fice da gora a kafaɗa, 'yan mata na biye da zana da igiya. Alhaji ya sa aka fito masa da kujerar roba, ya karkata hula, ya rataya tef ɗin awo a wuya, ya zauna yana jiran a zo neman shawara. Ba wanda ya zo. Da ya ga haka sai ya tashi ya kai musu ita har inda suke.

Shugaban rukunin wani dogon saurayi ne mai suna Maurice, ɗan duwatsun Mokolo, wanda ya koyi Hausa a kasuwa. Alhaji ya tsaya a kansa yana kallon yadda yake huda gora.

"Kai yaro, ina ƙusarku?"

"Babu ƙusa, Papa. Wannan ta shiga cikin wannan, mu soka ɗan itace ya riƙe, mu ɗaure da igiya. Shi ke nan."

"Shi ke nan me? Ka taɓa ganin aure ba sadaki? Ni da ka gan ni, lokacin da Sinawa suka zo gina dam ɗin Lagdo, babbansu ya kama hannuna ya ce, Shu'aibu, me ka gani? Na ce ku ƙara ƙusa. Ga dam nan tsaye har yau."

"Ruwan suka buga wa ƙusar?"

Muryar ta bayan katanga ta fito. Ɗanmalam ne, tela, maƙwabcin Alhaji kuma taubashinsa, wanda al'ada ta ba shi ikon ya faɗa masa duk abin da ya ga dama ba a kai shi gaban kowa ba. Ya ɗora haɓa a kan katanga kamar mai jiran a fara wasa.

"Lokacin da ake gina Lagdo," ya ce wa yaran, "wannan injiniyan naku yana tallan gyaɗa a tasha. Ni na saya a wurinsa. Ko mudun ma bai iya cikawa ba."

"Koma kan kekenka, mai ɗinka wa mutane wando ƙafa ɗaya ta fi ɗaya."

"Ƙafarka ce ɗaya ta fi ɗaya, ni abin da na auna na ɗinka."

Yaran suka sunkuyar da kai suna dariya, suka ci gaba da aikinsu. Su yi gardama, su auna, su yanka, su ga bai yi ba, su zagi juna da Faransanci, su sake. Wata mai suna Léontine ta yi yini ba ta yi wa kowa magana ba saboda an huda mata gora a karkace. Hindu ce ta kawo dabarar fenti: kowane bakin gora a shafa masa launi, ja ya shiga ja, kore ya shiga kore, don matan bakin kogi su iya haɗawa ba sai sun duba takarda ba. Har Kaltumi sai da aka ba ta riƙon bakin igiya. Alhaji kuwa, mutumin da ya ba Sinawa shawara, ba a ba shi ko tsinke ba. Kullum da safe sai ya ajiye musu faranti cike da ƙusa a gefen butar shayi, kamar mai raba goron suna. Kullum da yamma ya ɗauke shi yadda ya ajiye. Shayin dai ba sa ragewa.

Ranar Alhamis suka gama. Suka kwance ta, suka ɗaure, suka sake kwancewa, suka sake ɗaurewa, Maurice ya yi lilo a jikinta, 'yan matan suka yi guɗa. Aka yanke shawara a bar ta tsaye igiyoyin su zauna, ranar Asabar da safe a kwance a tafi bakin kogi. Juma'a da sassafe Kaltumi da Hindu suka tafi bikin suna a garin Pitowa, kwana za su yi. Hindu ta tsaya a bakin zaure.

"Baba, don Allah kada a bar awaki su kusance ta."

"Uwata, je ki da kwanciyar hankali. Ko ƙuda ba zai sauka a kanta ba."

Ya kuwa cika alkawari. Akuya ba ta taɓa rumfar nan ba.

Bayan an sauko daga masallaci sai wata iska ta taso, irin wadda ke yi wa damina share fage. Alhaji yana zaune yana sakace, sai ya ga rumfa ta yi dama, ta yi hagu, ta dawo ta tsaya. Yaran sun gaya masa da gangan suka yi ta haka, wai abin da ke lanƙwasa ba ya karyewa. Amma maganar yara ce.

"Alhaji!" Haɓar Ɗanmalam ta dawo kan katanga. "Kalangu kawai ya rage. In kira maka makaɗa? Bari in je majalisa in ce a zo a ga ginin gidan injiniya yana rawa."

"Tsaya!"

Ga mutum, ga shago cike da ƙusa, ga ginin 'yarsa yana rawar sanyi, ga kuma bakin Ɗanmalam da ba shi da murfi. Wane uba ne zai naɗe hannu? Alhaji ya tuɓe babbar riga, ya ɗauko guduma. 'Yan ƙusoshi kaɗan kawai, don taimako, yaran ma ba za su lura ba.

Ƙusar farko ta shige kamar dama jiran kira take. Ta biyu ta shiga, gora ta ce tsat, ta tsage har gindi.

"Ka ji?" in ji Ɗanmalam. "Godiya take yi."

"Gora ce marar asali."

Ya ɗaure tsagar da waya. Waya ta zame, ya kawo faifan ƙarfe ya dafe wurin. Ƙarfe ba ya zama sai da ƙusa, ƙusa kuma ta tsaga ta kusa da ita, ita ma ta nemi nata ƙarfen. Kafin la'asar ɓangaren gabas ya yi nauyi, rumfa ta karkata kamar mai ciwon ƙugu.

"Ta fara ruku'u," in ji Ɗanmalam.

"Ɗan adalci take nema. In na yi wa yamma abin da na yi wa gabas za ta miƙe. Kewayo ka riƙe mini tsani, ka daina kallo kamar baƙo."

"Ina zuwa. Nan ma ba na gani sosai."

Aka yi wa yamma adalci. Nauyi ya daidaita, sai ƙafafu suka fara buɗewa kamar na ɗan maraƙin da aka haifa yanzu. Wannan ma ba abin damuwa ba ne ga wanda ya san aiki. Alhaji ya aika aka kawo buhun simintin Figil daga shago, ya kwaɓa, ya jera bokitan fenti, ya tsoma kowace ƙafa cikin bokiti ya cika ta har baki. Ya ja da baya ya duba. Tsayuwa dai ta tsaya, ko guguwa sai ta yi sallama. Sai dai rufin zanar nan ya tsone masa ido.

"Takalmin soja da hular kaba," ya ce. "Ba su dace ba."

"Ko kaɗan," in ji Ɗanmalam. "Ai mai wannan ƙafa sai kwano."

Aka hau aka yaye zana, aka buga kwano. Da ya ga gaban rumfar fayau ba ado, kuma jama'a za su taru a bakin kogi, sai ya ga ba laifi a taimaki matan su san inda ake samun kayan kirki. Ya ciro allon sunan shagonsa ya buga a goshinta. Ya lulluɓe komai da tamfol, ya wanke hannu, ya ci tuwon da aka bar masa har da suɗi.

Asabar da hantsi yaran suka iso, Kaltumi da Hindu ma suka sauka daga kalando, baburan hayar nan, a ƙofar gida. Alhaji ya sha shadda ruwan ƙwai, ya tara su a gaban tamfol.

"Ba na son godiya," ya ce. "Don Allah na yi."

Ya fizge tamfol.

Ko kajin gidan sai da suka daina tono. Léontine ta zauna a ƙasa daɓas. Maurice ya zagaya rumfar, ya taɓa bokiti, ya taɓa ƙarfe, ya ɗaga kai ya karanta allo.

"Papa," ya ce a hankali, "ka kashe mu."

"Na raya ku dai. Girgiza ta ka gani."

"Ba girgizawa aka ce ba, Papa! Kwancewa aka ce!"

Kaltumi ta tafa hannu tana salati. "Alhaji, garin gyaran gira ka tsone ido. Kwana ɗaya tak na bar ka!"

Hindu ta ɗauki abin zare ƙusa ta gwada a kan gora guda, gorar ta rabe biyu a hannunta. Ta ajiye. Lokaci kuwa yana tafiya, malamai sun riga sun nufi bakin kogi.

Nan Alhaji ya nuna bambancin babba da yaro. "Wa ya ce sai an kwance? Abin da ake so a ga rumfa a bakin kogi. A ɗauke ta ɗungurungum. In Madam ta ga ƙarfinta, ita da kanta za ta manta da sharaɗi."

Babu wata dabarar da ta rage, sai aka bi tasa. Aka fita neman majiya ƙarfi. 'Yan kalando suka ajiye babura, mai shayi ya bar tukunya a wuta, mahauci ya zo da wuƙarsa a ƙugu, har ladan ya biyo sahu. Mazan da suka shekara suna wucewa ta ƙofar gidan nan ba su san launin tsakar gidansa ba, yau ga su ciki suna kalle-kalle.

"Ashe gwanda gare shi a ciki, yake ce mana ba ta yi a unguwar nan."

"Ku ɗaga, ba yawon buɗe ido na kira ku ba!"

Aka ɗaga da kyar, aka nufi zaure. Rumfa ta kai bakin ƙofa ta tsaya. Aka juya ta gefe, ta tsaya. Aka kwantar da ita, bokiti guda ya sauka a kan yatsan ladan, ya yi wata ƙara da ba ta cikin kiran salla. Gora ɗai-ɗai ta shigo ta zauren nan, ba wanda ya taɓa tunanin za ta fita da ƙafafunta.

"Zauren ne ya tsuke," in ji Alhaji. "Zafin bana ne."

Mafita ɗaya ce. Gidan Ɗanmalam yana da ƙatuwar ƙofar ƙarfe, wadda ya sa tun shekarar da ya ce zai sayi mota. In aka tsallakar da rumfa ta kan katanga, za ta fita ta can.

"Ƙofata?" in ji Ɗanmalam, yana gyara zama a kan turmi. "Wadda ka ce na yi wa iska gareji? Sai ka ce, yaya Ɗanmalam, ka yi mini rai."

"Na girme ka da damina biyu!"

"To, zauna da rumfarka, ka buɗe reshen shago a ciki."

Alhaji ya dubi Hindu, ya dubi rana. Ya faɗa ta cikin haƙori.

"Ban ji ba."

"Yaya Ɗanmalam, ka yi mini rai, Allah ya isa!"

Aka jingina rumfa da katanga, rabi suka kewaya can, rabi suka tura daga nan. Ta hau, ta hau, ta zauna a kan katanga da duk simintinta. Katangar ƙasa ce, kakansu ya gina ta. Ta yi shiru tana tunani, sannan ta durƙusa. Ƙura ta turnuƙe, agwagin Ɗanmalam suka watse cikin gidan Alhaji, awakin Alhaji suka faɗa gidan Ɗanmalam suka nufi igiyar da ya shanya ɗinkin mutane. Dariyar da Ɗanmalam ya kwana yana yi ta tsaya masa a maƙogwaro.

"Katangata! Shaddar mutane!"

"Katangarmu," in ji Alhaji. "Ga shi zumunci ya ƙaru. Ku ɗauka mu je!"

A waje aka haɗa pus-pus biyu, kurar nan ta 'yan dako da ake turawa da hannu, aka ɗaure su gefe da gefe, aka ɗora rumfa. Da aka ga wayoyin wuta sun yi ƙasa, Alhaji ya ce shi zai hau sama da sanda yana ɗaga su, tun da aikin na masu ilimi ne. Ya hau ya zauna a kan kwano, shadda na ƙyalli. Aka kama hanya. 'Yan kalando suna gaba suna hon, mata suna leƙowa ta ƙofa, masu shaguna suna fitowa.

"Alhaji, ƙaura kake yi?"

"Sarauta aka ba shi?"

"A'a, gidan ne ya gaji da shi, ya ɗauko shi zai mayar!"

Alhaji yana ɗaga musu sanda kamar mai amsa gaisuwa. Shi a ganinsa, tun da aka kafa makarantar nan ba a taɓa kai aikin ɗalibai da irin wannan girma ba.

Hanyar bakin kogi gangare ce. Suna kaiwa kanta iskar jiya ta dawo neman abin da ta bari. Da zana ce, da ta bi ta cikin saƙa ta wuce. Kwano kuwa ta samu, ta shiga ƙarƙashinsa ta cika shi. Pus-pus suka fara sauri. Masu turawa suka koma masu riƙewa, masu riƙewa suka koma masu gudu, masu gudu suka koma masu kallo.

"Birki!" in ji Alhaji daga sama. "Ku taka birki!"

"Pus-pus ba ta da birki, Alhaji!"

"To ku taka wani abu!"

A ƙasa kan yashi, Madam Geneviève tana zaune da malamai biyu a bayan tebur. Rumfunan sauran rukunai suna tsaye a jere, matan kifi sun kewaye su da kwandunansu. Sai suka ji ƙara kamar ana jan garwa ɗari a kan dutse. Suka ɗaga kai, suka ga gini yana gangarowa da gudu, da mutum a kansa yana kalmar shahada. Kowa ya kama gabansa. Rumfa ta wuce tebur da taku kaɗan, ta ture kwandon karfasa, ta shiga ruwa. Tayoyi suka nutse a laka, ta tsaya cak. Alhaji bai tsaya ba. Ya wuce gaba shi da sandarsa, ya sauka inda ruwa ya kai ƙugu.

Rumfar ta ɗan tsaya a tsaye, don a shaida ta iya. Sannan duk gorar da aka tsaga jiya suka tuna da abin da aka yi musu, suka buɗe gaba ɗaya. Kwano ya zube, ƙarafa suka bi. Bokitan siminti kaɗai suka rage a tsaye cikin laka, allon shagon kuwa ya kama hanyar Yola a kan ruwa.

Aka jawo Alhaji, ba hula, takalmi ɗaya, shadda ta manne a tumbi. Jama'ar da suka biyo shi tun daga unguwa suka cika bakin kogi. Madam Geneviève ta kaɗe yashi daga zanenta, ta gyara tabarau, ta kira yaran biyar suka jeru a gabanta. Ta daɗe a Garwa, Hausarta ta nuna.

"Na ce rumfar da za a kwance. Ban ce wadda za ta kwance kanta ba. Ƙusa, ƙarfe, siminti, kwano. Wa ya yi wannan?"

Ta juya ga Hindu.

"Hindu, a gidanku aka yi aikin. Wa ya buga ƙusar nan?"

Alhaji yana bayan mahauci yana matse riga, ya ɗan rage tsawo. Ya san in yarinyar nan ta buɗe baki, ya gama zama a majalisa har abada. Hindu ta dubi ƙasa. 'Yar da aka yi wa tarbiyya ba ta nuna ubanta da yatsa a gaban jama'a, ko da shekararta ce za ta tafi.

"Aikinmu ne, Madam," ta ce.

Maurice ya matso kusa da ita. "Aikin rukuni ne, Madam. Mu duka."

Léontine ta buɗe baki, ta dubi Hindu, ta rufe.

"To," in ji Madam, ta ɗauki biro. "Ku duka za ku dawo ajin farko baɗi."

Ko Ɗanmalam bai yi dariya ba. Alhaji ya hangi hawaye ya gangaro a kumatun Uwata, ta share da bakin gyale da sauri don kada ya gani. Sai ya ji ruwan kogin da ke jikinsa ya fi ɗazu sanyi. Ya ture mahauci gefe, ya fito yana ɗingishi da takalmi ɗaya.

"Madam, dakata. Cin fuska ya isa haka. Dubi ƙusar can da kyau. Kin taɓa ganin ɗan ajin farko ya buga ƙusa ta shige tsaye haka, kai ɗaya, ba lanƙwasa? Wannan hannun shekara talatin ne. Yaran nan sun gama abinsu lafiya ranar Alhamis, yana kwancewa yana ɗauruwa, unguwa shaida ce. Suka juya baya. C'est moi, Madame."

Madam ta dube shi ta saman tabarau, daga kan da ba hula har ƙafar da ba takalmi. Ta juya ta yi ƙus-ƙus da malaman biyu.

"Zuwa Asabar mai zuwa," ta ce wa yaran. "A filin makaranta, a gaban idona. Sabuwar gora kuma Misye Shu'aibu ne zai kawo. Ya ajiye a bakin ƙofa ya juya."

Léontine ta yi tsalle ta rungume Hindu. Alhaji ya ja numfashi, ya juya zai sulale, sai Ɗanmalam ya tare shi.

"Me ka ce ɗazu a ƙarshe? Mu ba mu yi lakwal ba, ba mu san bokon Faransa ba."

"Ka ji sarai."

"Wallahi ban ji ba. Ladan, ka ji?"

"Ni tun da bokiti ya faɗa mini ba na jin Faransanci," in ji ladan.

"Ni ne!" in ji Alhaji. "Ni na buga, ni na kwaɓa, ni na rufa! Kun huta?"

Bai kai ga taku biyu ba wata dattijuwa ta sha gabansa, hannu a ƙugu. Aisatu ce, shugabar matan kifi, wadda kwandonta ya kife.

"Baaba, ka gaya wa Madam, ka gaya wa mutanenka. Mu da aka yi rumfar dominmu fa? Matan nan rabinsu Fulatanci kawai suke ji." Ta juya ga matan ta ɗaga murya tana tambayar wa ya yi. "Moy waɗi ɗum?"

Matan suka zuba masa ido. Alhaji ya dubi sama, ya ga babu mai saukowa ya cece shi. Ya gyara jiƙaƙƙiyar shaddarsa a kafaɗa, ya buga ƙirji.

"Min waɗi ɗum!"

Guɗa ta tashi, dariya ta bi ta, har masunta suka tsayar da jirage. Alhaji ya jira ta lafa, sannan ya juya ga Ɗanmalam, ruwa na ɗiga daga gemunsa.

"Ni na jawo, ban musa ba. Amma ka zagaya Garwa kaf, ka nemo mini wani injiniyan da zai iya amsa laifinsa da harshe uku."